Yadda nake shafa wa kwanson harsashi mai kafin matsewa

A nan Amurka, mafarauci ko mai harbin gasa da ya san ciwon aljihunsa ba ya barin kwanson harsashi a ƙasa bayan ya harba. Yakan tsince shi ya kai gida, ya wanke, ya matse shi ya koma girmansa na farko, sannan ya sake ɗura shi. A cikin abubuwa huɗu da ke haɗuwa su zama harsashi, wato kwanso da albarushi da kan harsashi da 'yar hular gindi mai kunna wuta, kwanson ne galibi ya fi tsada, kuma shi kaɗai ake iya sake amfani da shi bayan harbi. Dokar tarayya ta ƙasar nan ba ta neman lasisi a wurin mai ɗura wa kansa, matuƙar yana cikin waɗanda aka yarda su mallaki bindiga, kuma ba sayarwa zai yi ba. A Najeriya ba haka abin yake ba, dokar makamai ta 1959 ta hana ɗaiɗaikun mutane ƙera harsashi ko haɗa shi. Saboda haka da 'yan'uwa mazauna nan nake magana, musamman masu fita farautar barewa a Texas irina, waɗanda suka sayi inji suka kafa a gareji suna shirin farkon Nuwamba.

Sabon shiga yakan zuba hankalinsa duka a kan awon albarushi, kuma ya kyauta. Amma abin da zai fara tsayar masa da aiki cak ba albarushi ba ne, mai ne. Shi ya sa na ware wannan mataki guda ɗaya zan yi bayaninsa.

Sai ka san abin da ke faruwa da kwanso kafin ka gane amfanin man. Tagullar da ake yin kwanso da ita kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya. Idan aka harba harsashin .308 Winchester, ƙarfin iskar da ke cikinsa yana iya kaiwa fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, wanda shi ne iyakar da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙera bindigogi da harsasai a Amurka, ta gindaya masa. Wannan ƙarfi yana hura kwanson ya manne da bangon mazaunin harsashi a cikin bindiga. Da wutar ta lafa sai tagullar ta ɗan tsuke, amma ba ta komawa yadda take. Don a mayar da ita, sai a ɗaura mamatsi a saman inji, wato ƙarfen nan mai rami wanda aka ƙera cikinsa da siffar kwanso, a ɗora kwanson a kan mariƙi, a ja hannun inji ya cusa shi ciki da ƙarfi. Shigar ba ta cika ba da wahala ba, domin inji irin Rock Chucker na kamfanin RCBS yana ninka ƙarfin hannunka sau da yawa, zai tura busasshen kwanso ma ya shige. Fitar ce matsala. A wajen fita babu abin da ke jan kwanson sai ɗan siririn leɓen gindinsa da mariƙi ya kama. Idan tagulla busasshiya ta ciji ƙarfe, leɓen ne zai yage, hannun inji ya dawo fayau, kwanso kuwa yana can ciki ya maƙale.

Ba kowane kwanso ke buƙatar mai ba. Na ƙananan bindigogin hannu masu miƙaƙƙen jiki, irin .38 Special da .45 ACP da 9mm, ana yi musu mamatsi mai zoben kabaid a baki, wanda santsinsa da taurinsa sun isa a matse su a bushe. Duk da haka ni nakan ɗan fesa wa 9mm mai, domin jikinsa ya ɗan tsuke zuwa sama, kuma hannu yana hutawa in aikin da yawa. Amma duk kwanso mai wuya da kafaɗa kamar kwalba, .223 ne, .308 ne, .30-06 ne, .270 ne, dole a shafa masa, kowane ɗaya, ba a tsallake ko guda. Ko da mamatsin na kabaid ne, irin wanda kamfanin Dillon ke yi don masu aiki da yawa, hukuncin bai canza ba. Kada wani ya ce maka man da ya saura a cikin mamatsi daga kwanson baya zai wadatar da na gaba. Wani lokaci yakan wadatar, ranar da bai wadatar ba kuwa ka yi asarar yammacinka.

Kafin mai, wanka. Kwanson da aka tsinta a filin harbi yana ɗauke da yashi da toka, in ka shafa mai a kansu ka haɗa abin gurza ke nan. Ƙwayar yashi ɗaya za ta karce cikin mamatsi, daga nan duk kwanson da ya shiga sai ya fito da zane a jikinsa. Ina zuba nawa a injin girgiza da niƙaƙƙiyar totuwar masara ko ɓawon walnot har su fita fes. Masu wankewa da ruwa da 'yan tsinkayen ƙarfe su lura da abu guda: wankinsu yana cire har baƙin hayaƙin da ke cikin wuya, alhali wannan baƙin yana ɗan ba da santsi. Kwanson da ya sha irin wannan wanki ya fi kowanne ƙishin mai a cikin wuya. Sabon mamatsi ma sai an wanke shi, domin daga kamfani yana zuwa da man hana tsatsa, wanda ba man matsewa ba ne. Ka warware shi, ka goge ciki da tsumma da ruwan wanke bindiga, ka bar shi ya bushe.

Ga kwanson farauta, wanda ba ya da yawa kuma ina son kowane ya fito daidai da ɗan'uwansa, kaki nake amfani da shi, Imperial Sizing Die Wax, wanda kamfanin Redding da ke Cortland a jihar New York ke sayarwa cikin 'yar ƙaramar gwangwani. Hornady ma suna da irinsa mai suna Unique. Yadda ake yi: ka taɓa saman kakin da yatsarka manuniya, taɓawa kawai, ba lakata ba. Ka murza ta da babban yatsa har kakin ya bazu a kansu biyu. Sannan ka ɗauki kwanso ka juya shi tsakanin yatsun, daga ƙarƙashin kafaɗa zuwa gindi. Gwargwadon da ake so bai wuce man kaɗen da mutum ke shafa wa leɓe da hunturu ba, wanda yatsa ke ji amma ido ba ya gani sosai. In ka ga fari-fari ko gudaji a jikin tagulla, ya yi yawa. Taɓawa ɗaya takan ishi kwanso biyu ko uku kafin ka koma gwangwani, kuma gwangwani ɗaya sai ya yi maka shekaru.

Inda ya fi buƙatar man shi ne kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, kusa da gindi. A nan tagullar ta fi kauri, a nan mamatsi ya fi shan wahala, kuma a nan kwanso ke maƙalewa. Mutane da yawa suna riƙe kwanso ta gindi su shafa sama, sai wurin da yatsunsu suka rufe ya zauna a bushe. Ni ta wuya nake riƙewa da hannun hagu, in shafa da dama, in tabbatar na kai har dab da leɓe.

Kafaɗa kuwa a bar ta a bushe. Mai ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya taru a kafaɗa, kwanso ya kai ƙarshen mamatsi, man ya rasa mafita, sai ya lotsa tagullar ciki. Za ka fitar da kwanso ka ga 'yan ramuka a zagayen kafaɗa kamar an danna da farce. Yawancin mamatsai suna da ɗan ƙaramin rami a gefe daidai kafaɗa don iska da rarar mai su fita, amma kaki da datti sukan toshe shi. In ka fara ganin lotsawa, ka tsaya, ka cire mamatsi, ka goge cikinsa, ka zura siririyar waya ka buɗe ramin, sannan ka rage man da kake shafawa. Ƙaramar lotsawa takan miƙe a harbi na gaba. Mai zurfi ko mai kaifin ninki kuwa ba na ajiye ta, ina murƙushe bakin kwanson da filaya in jefa a bokitin tsohon ƙarfe don kada ya sake shiga cikin nagari. Bayan wuya yakan samu ɗan abin da ya saura a yatsa, wannan ya ishe shi.

Cikin wuya shi ne wurin da aka fi mantawa, kuma a nan gizo ke saƙar. A tsakiyar mamatsi akwai sanda mai allura a ƙarshenta, wadda ke ture tsohuwar hula, kuma a jikin sandar akwai 'yar ƙwallon ƙarfe. Mamatsi yana tsuke wuya fiye da kima a wajen shiga, sai ƙwallon ta buɗe shi zuwa daidai a wajen fita. In cikin wuyan a bushe yake, za ka ji ƙara mai tsinin gaske, ƙiiit, hannun inji kuma ya yi tirjiya. Abin bai tsaya a ƙara ba. Ƙwallon tana jan wuya da kafaɗa sama, ta ɓata awon da ka gama saitawa, ta ƙara wa kwanso tsawo, wani lokaci ta karkatar da wuyan har kan harsashi ya zauna a karkace. Maganin da na fi so busasshe ne: garin girafayit, irin baƙin cikin fensir, wanda ake sayarwa a 'yar roba cike da ƙananan duwatsun tangaran. Ka tsoma wuyan kwanso ciki sau ɗaya ko biyu, ka ɗan ƙwanƙwasa, ka goge bayan wuya da yatsa. Wasu suna amfani da garin maika, wani ma'adini mai sheƙi, wasu burushin nailan da suka ɗan murza a kan mai. Dalilin da na fifita busasshe shi ne ko ya saura a ciki ba ya jiƙa albarushi, kuma ƙwayoyin albarushi ba sa manne masa a wuya lokacin zubawa. In kaki kaɗai gare ka, ka goga yatsarka mai kaki a bakin kwanso ɗaya cikin kowane uku ko huɗu, ɗan abin da zai kankaro ya isa ƙwallon.

Hannun inji yana ba da labari, kuma shi ne ma'aunin da na fi dogara da shi. Kwanson da ya sha mai daidai yana shiga da nauyi mai ƙaruwa sannu a hankali, ba tsalle, ba gurnani. In ka kai rabin hanya ka ji ya yi tauri fiye da 'yan'uwansa, kada ka ƙara ƙarfi. Ka sauko da shi tun yana iya saukowa, ka sake shafa masa, ka maimaita. Wannan ya fi faruwa da kwanson soja, irin na 7.62 mai tambarin masana'antar Lake City da ke jihar Missouri, wanda aka harba a bindiga mai sarrafa kanta. Mazaunin harsashin irin waɗannan bindigogi yana da faɗi, kwanson yakan kumbura sosai, ga shi da kauri. Shi nakan matse shi a hawa biyu: in tura rabi, in sauko, in sake baza kakin da yatsa, sannan in kai shi ƙarshe.

Akwai wani dalili da ya sa na damu da daidaiton shafawa, bayan gudun maƙalewa. Ga bindiga mai sakata, wadda ake ɗurawa da hannu bayan kowane harbi, ana so mamatsi ya tura kafaɗa baya da kimanin 0.002 na inci, ga mai ɗura kanta kuma 0.003 zuwa 0.004. Wannan awo ƙanƙane ne ƙwarai, kuma inji yana ɗan miƙewa idan ya sha nauyi. Kwanson da ya sha mai sosai zai shige har ƙarshe, wanda bai sha ba zai tsaya ɗan nesa kaɗan. Sai ka auna ka ga kafaɗu sun bambanta alhali ba ka taɓa saitin mamatsi ba, ka shiga zargin kayan aikinka. Sau da yawa hannun mai shafawa ne ya bambanta. Ka riƙe gwargwado ɗaya, ka ja hannun inji da sauri ɗaya, ka ɗan dakata daƙiƙa ɗaya ko biyu a ƙarshen turawa.

Tsohuwar hanya ita ce ta matashi: wani faifan soso mai rufin yadi, a ɗiga masa mai irin Case Lube-2 na RCBS, a baza, a jera kwanso huɗu ko biyar a mirgina su da tafin hannu. Tana aiki, kuma da yake matashin shimfiɗaɗɗe ne, kafaɗa ba ta taɓa shi. Aibinta biyu: sabon zubi yakan yi yawa, kuma in ka bar shi a buɗe ƙurar gareji za ta zauna a kai. Man kamfanin Lee yana zuwa a 'yar matsa kamar man goge baki, ana shafa shi da yatsa, yana wankuwa da ruwa.

Idan kwanson ɗaruruwa ne, misali .223 na atisaye, yatsa ba za ta kai ba, sai feshi. Mai amfani da One Shot na Hornady ya girgiza gwangwanin sosai, ya jera kwansuna a tsaye a kan allon jera su, ya fesa daga sama a karkace yadda kaɗan zai shiga wuya, ya juya allon ya fesa ta sauran ɓangarori. Ya fesa wa cikin mamatsi mai tsabta shi ma. Sannan ya jira. Duk man feshi haɗi ne na mai da ruwan da ke ɗauke da shi, kuma sai ruwan ya tashi man yake fara aiki. Kwanson da aka tura yana jiƙe kusan daidai yake da wanda ba a shafa wa komai ba. Allon jerawa kuma yana ɓoye gindi, wurin da ya fi buƙata, don haka a duba.

Ni kaina nake haɗa nawa feshin. Lanolin mai ruwa, wato maiƙon gashin tumaki da ake samu a kantin magani ko shagon kayan shafe-shafe, kashi 1, da sifirit na isopropyl mai ƙarfin 99 cikin 100, kashi 12. Wasu suna yin 1 da 10. Man feshin da Dillon ke sayarwa ma lanolin ne da sifirit. Ka nemi mai ƙarfin 99, domin na 70 da na 91 suna da ruwa, lanolin kuwa ba ya shiri da ruwa, sai ya ware ya kwanta a ƙasan kwalba. In ka tsoma kwalbar lanolin a ruwan ɗumi tukuna ya fi saurin narkewa. Ka zuba a kwalbar feshi, ka girgiza kafin kowane amfani. Ina zuba kwansuna a kwali marar zurfi ko babbar leda mai zif, in fesa sau uku ko huɗu, in jujjuya su da hannu har su game, in baza su su sha iska kamar minti 10. Da zafin Texas ba ya kai haka, da sanyi yakan fi. Sifirit yana kama wuta, saboda haka a buɗe ƙofar gareji, a nesanta shi da hita da sigari, kuma kwalbar albarushi ta kasance a rufe a wani wuri dabam.

Kada ka ɗauko baƙin mai na mota, ko man fesa wa ƙulli mai tsatsa, ko man girki. Masu ruwa-ruwa ba sa jure matsin da ke tsakanin tagulla da ƙarfe, suna tsiyayewa su bar wurin a bushe. Waɗanda aka samo daga fetur kuma in suka shiga ciki suna iya lalata albarushi da hula, harsashi ya ƙi tashi ranar da barewa ta tsaya a gabanka.

Bayan matsewa sai a cire man, kuma wannan ba kwalliya ba ce. A lokacin harbi ana so kwanso ya kama bangon mazauni ya ɗauki wani kaso na nauyin. In jikinsa da santsi, sai ya zame baya, nauyin ya ƙaru a kan fuskar sakata. Ga shi kuma mai yana kwasar ƙura a aljihu da cikin gidan harsashi. Kaki yana fita da tsumman auduga, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan gogewar dama ce ta duba kowane kwanso: tsagewa a wuya, ko wani zobe mai haske kusa da gindi wanda ke nuna tagullar ta sirance a ciki. Na lanolin nakan mayar da su injin girgiza da totuwar masara na minti 20 zuwa 30. In ka yi haka, ka ɗaga kowane ɗaya ka leƙa ramin wuta da ke gindi, domin ƙwayar totuwa tana son zama a ciki, sai ka ture ta da tsinke. Daga nan ka auna tsawo, matsewa tana ƙara shi, ka datse wanda ya wuce iyaka. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ƙurar tsohuwar hula tana da dalma.

In kuwa ƙaddara ta faɗa kwanso ya maƙale, kada ka kama shi da filaya kana murɗawa, kada ka zura sukurudireba. Garin gyaran gira za ka rasa ido, mamatsin ya fi kwanson kuɗi nesa ba kusa ba. Wasu sukan sa shi a firiza na ɗan lokaci tukuna, da yake tagulla ta fi ƙarfe tsukewa da sanyi. In mamatsin na Lee ne, sandarsa an yi ta yadda za ka sassauta notin da ya riƙe ta, ka buga kanta da guduma ta turo kwanson waje. Ga sauran, akwai kayan cirewa da RCBS da Hornady da Redding ke sayarwa, kuma aikinsu iri ɗaya ne. Ka kwance mamatsi daga inji, ka sassauta sandar tsakiya ka ja ta sama iyakar inda za ta je don diril kada ya same ta. Ka kifa mamatsin a bais, da ƙyalle ko katako a tsakani. Ka huda gindin kwanson ta ramin hula da bakin diril mai lamba 7, ka yanka masa zaren sukuru mai awon 1/4-20. Ka kifa ɗan kofin ƙarfen da ke cikin kayan a kan gindin, ka zura sukuru ta tsakiyarsa ya kama zaren da ka yanka, ka riƙa ɗaurewa a hankali. Kofin yana tokare da bakin mamatsi, sukurun yana jan kwanso, har ka ji ya saki. In ƙwallon buɗa wuya ta biyo shi ta zauna a ciki, ka yanke kwanson da zarton ƙarfe ka fitar da ita.

Kafin ka mayar da mamatsin kan inji, ka haska cikinsa da tocila. In ka ga ɗigon tagulla ya manne a bango, ka wanke shi da ruwan cire jan ƙarfe na bututun bindiga har ya fita, ka goge, ka bar shi ya bushe, ka duba allurar ko ta lanƙwashe. Kwanson farko da zai shiga bayan nan ka shafa masa kaki sosai a jiki, ka tura shi a hankali, ka sake auna kafaɗarsa kafin ka ci gaba da sauran.